Jirgin Yaya Ba Shi da Birki

Yarinyar da nake goyo a lokacin yanzu da ƙafarta take zuwa makaranta, amma ranar da muka shiga jirgin ruwan Yaya tana nan a idona kamar jiya aka yi ta. Ko zan manta sunan unguwar da aka haife ni a Daura, wannan rana kam ba ta mantuwa. Na sha roƙon Allah ya sassauta mini tunaninta. Ya sassauta, Alhamdu lillahi, amma bai ɗauke ba, kuma na san ba ya yin abu babu hikima.

Maigidana ɗan acaba ne. Tun kafin ya aure ni yake kan babur, yana jigilar mutane da buhunan gero tsakanin Daura da Zango, ranar kasuwa ya leƙa har Baure. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko akuya ce ta tare masa hanya sai ya tsaya ta wuce. A duk shekarun nan bai taɓa buge kowa ba, kuma shi ne abin da yake alfahari da shi a ransa, ko da yake ba ya faɗa. Shi ne auta a gidansu. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, sai wansa, wanda dukanmu muke kira Yaya, ya riƙe shi. Yaya ne ya saya masa babur ɗinsa na farko, shi ne kuma ya tsaya masa a aurenmu. Saboda haka idan Yaya ya yi magana, maigidana ba ya ɗaga kai, balle ya ce a'a.

Yaya yana kasuwanci a kudu, can inda ruwa ya fi ƙasa yawa. A nan ya ga masu hali suna yawon shan iska a ƙananan jiragen ruwa masu inji, abin ya shiga ransa. Ana saura 'yan kwanaki Sallah ƙarama sai ga shi ya iso da wani fari mai jan layi, an ɗora shi kan tayoyi ana jan sa a bayan mota. Yara suka biyo shi da gudu tun daga bakin titi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga, ta daɗe tana kallo, ta ce, "To, a Kusugu za a saka shi, ko kuwa sai an jira damina ta cika kwata?" Muka yi ta dariya. Yaya ya ce dam ɗin da ke can bayan gari za a kai shi, bayan Sallah zai tara abokansa su ga abin da ba su taɓa gani ba, kuma Auta ne zai tuƙa.

Tare da jirgin aka turo wani dogon mutum ɗan kudu, mai 'yar gurguwar Hausa, don ya koya wa wanda zai riƙe shi. Ya fita da maigidana sau ɗaya da safe. Da suka dawo ya gaya wa Yaya yana son a ba shi wasu kwanaki, su riƙa fita kullum, ba fasinja, har hannun maigidana ya faɗa. Yaya ya yi dariya. Ya ce, "Wanda ke ratsa yashin Zango da buhu uku a bayansa ne za a koya wa tafiya a kan ruwa, inda babu rami babu kwana? Je ka yi hutunka, mun gode." Washegari aka sa mutumin a mota.

A yammacin ranar da suka fita ruwan, bayan an fito daga sallar magariba, maigidana ya zauna a bakin tabarma ya ƙi taɓa tuwo. Da na matsa masa, sai ya ce in miƙo masa muciya da ludayi. Ya kafa su a ƙasa kusa da juna, ya ɗauki faifai ya riƙe kamar sitiyari.

Ya ce, "Kin ga muciyar nan, ita ce giya. Gaba, tsakiya, baya. Ba a tayar da inji sai tana tsakiya. Ludayin nan kuma shi ne totur, ki tura gaba wuta ta ƙaru, ki jawo ta ragu."

Na ce, "To ai da sauƙi, Malam. Ina birkin?"

Ya ce, "Babu."

Na ɗauka wasa yake yi, sai na ga fuskarsa. Ya bayyana mini cewa shi wannan jirgi ba shi da farfela. Ruwa yake zuƙa ta ƙarƙashi ya feso ta baya da ƙarfi, feshin ne ke tura shi, kuma sitiyarin ba abin da yake juyawa sai bakin feshin. Idan ka sauke wuta gaba ɗaya, feshi ya mutu, to ko ka murɗa sitiyari har ya ƙare, jirgin miƙewa zai yi inda ya sa gaba. Sai na tuna malaminmu na kimiyya a sakandare, ranar da ya hura balan-balan ya sake ta a aji. Na gane abin da yake nufi.

Ya ce, "Mutumin nan sau uku yana maimaita mini. In abu ya tare maka gaba, kada ka saki wuta, ka bar ta ka juya. Kuma kada ka fizgo giya baya kana gudu, hancin jirgin zai nutsa. Kuma mutum ɗaya ke riƙe ƙarafan nan biyu." Ya ɗaga hannunsa na dama ya duba kamar na wani. "Kaina ya ji. Wannan ne bai ji ba. Tun ina saurayi, da na ga abu a gabana yake sakin totur ya nemi birki, kafin ma in yi tunani. Yau da safe sau biyu ya yi haka. Mutumin ya buge mini shi."

Na ce, "To ka je ka gaya wa Yaya ba ka iya ba tukuna."

Ya dube ni kamar na ce ya je ya mari Inna, mahaifiyarsu. Ya ce, "Ya riga ya gaya wa mutane. Ki ce in kunyata shi? Bin na gaba bin Allah ne. Zan tafi a hankali, shi ke nan."

Na sake yi masa maganar washegari, na kuma yi ranar Sallah muna shirin fita. Har cewa na yi zan roƙi Inna ta yi wa Yaya magana. Ya ce in rufa masa asiri, kada a ce matarsa ce ke masa tsoro. Na bar shi, na koma ga addu'a.

Ranar da aka sa, muka tafi dam da hantsi. Mun kai dambun nama da waina da zoɓo mai sanyi, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata bishiyar maina. Ruwan ya kwanta lumui, can nesa ana hango masunta jefi-jefi, kowanne ya kife a kan ƙaton goransa yana iyo da ƙafa, yana duba koma. Haka suke kamun kifi a wajenmu, gora ne jirginsu. Abokan Yaya sun zo da manyan riguna, sai ƙamshin turare ke tashi. Ɗaya daga cikinsu, mai yawan barkwanci, ya dubi maigidana, sannan ya ce wa Yaya, "Alhaji, wai ɗan acaba za ka ba wa ranmu? Kada fa ya kai mu Baure ta ƙarƙashin ruwa." Aka fashe da dariya.

Yaya ya dafa kafaɗar maigidana, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ya ce, "Auta, gaya wa mutanen nan. Ka iya ko ba ka iya ba?"

Ina tsaye da kofin zoɓo a hannu. Maigidana ya dubi ƙasa, ya ce, "Na iya, Yaya."

Ni ba mai son ruwa ba ce, ko rafi da damina ba na ƙetarewa sai an riƙe ni. Amma da matar Yaya ta ce in zo mu shiga, sai na kwance goyona na miƙa wa Inna, na shiga. Ba don shan iska ba. So nake in zauna inda zan riƙa ganin hannunsa, kamar dai ganin nawa zai tsare wani abu. Akwai rigunan kariya masu ruwan lemo a cikin jirgin, amma maza suka ce za su ɓata musu guga, sai aka zauna a kansu.

Da farko komai ya tafi daidai. Ya duba giya tana tsakiya, ya yi bisimilla, ya tayar. Ya tura ta gaba, ya ƙara wuta kaɗan-kaɗan. Muka zaga kusa da gaɓa, iska na kaɗa mana mayafi, har na fara jin kunyar tsoron da na yi. Sai Yaya, wanda ya ƙi zama, ya tsaya a gefensa yana riƙe da gilashin gaba, ya ce, "Haba Auta, jaki muka hau ne? Ba ta wuta." Ya ƙara. Yaya ya ce, "Ƙara." Mai barkwancin nan ya ce, "Ko dai fasinjan asibiti ya ɗauko?" Ya ƙara. Hancin jirgin ya ɗaga, ruwa ya tsage gida biyu, na daina jin komai sai ƙugin inji.

Ni na fara ganin tsohon, ko kuma haka nake zato. Ya fito daga bayan wasu ciyayin ruwa, a kife kan goransa, farin gemu, 'yar hula ta saƙa a kai, bayansa yana wajenmu. Ba shi da nisa sosai, amma akwai fili ta hagu da ya isa a kauce.

Idona na kan hannun maigidana. Na ga ya fizgo totur baya gaba ɗaya, yatsunsa suna damƙar iska suna neman birkin da babu shi. Ɗaya hannun ya murɗa sitiyari hagu har ƙarshe. Ƙugin inji ya faɗi, jirgin kuwa ko gezau, ya miƙe sak kan tsohon kamar ba a taɓa komai ba. Sabo turken wawa, in ji mutane, amma ranar na ga sabo ya ɗaure mai hankali.

Sai ya tuna. Na ga tunawar a fuskarsa. Ya tura totur gaba, inji ya sake ruri, kuma wallahi na ga hancin jirgin ya fara karkata hagu. A daidai lokacin Yaya ya ce, "Birki, birki," ya kai hannu ya damƙi giya ya fizgo ta baya da ƙarfinsa duka. Ɗaya yana ba da wuta, ɗaya ya sa baya. Hancin jirgin ya soke cikin ruwa, wani ɓarin ruwa ya taso ya rufe mu, na faɗa kan matar Yaya, jirgin ya wulwula ta gefe. Na ji wata ƙara, ƙwas, irin ta ƙwarya idan ta faɗi kan dutse, sai wata kuma a bayanta wadda ba ta yi kama da ta ƙwarya ba.

Da na ɗago, ɓarin gora biyu ne ke yawo a kan ruwa, da hular saƙa.

Maigidana bai iya iyo ba, amma sai da aka riƙe shi don kada ya faɗa. Sauran masunta ne suka zo suka ciro tsohon, yana numfashi, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Babu wanda ya zage mu a cikinsu. Ɗaya dai ya dubi manyan rigunan da suka jiƙe, ya dubi tabarmi da kulolin abinci a gaɓa, ya tofar da yawu cikin ruwa. Da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tsohon ya rayu, amma ƙugunsa ya karye. Ya daɗe a asibiti, ya fito da sanda biyu, bai ƙara shiga ruwa ba.

Aka kai maganar gaban dagacin ƙauyen da ke bakin dam. Mu mata muna daga waje, a gindin katangar zaure, amma ana jin komai. Dagaci ya tambayi wanda ke tuƙi. Yaya ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgi nawa ne, ba na musu, kuma zan ɗauki nauyin magani saboda Allah. Amma ni ban taɓa sitiyari ba. Kuma ban ba shi tuƙi da ka ba, a gaban jama'a na tambaye shi ko ya iya, ya ce ya iya. Ga shaidu nan." Abokansa suka ce haka aka yi.

Abin da ya fi ci mini rai, babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya faɗa. Bai taɓa sitiyari ba, gaskiya ne. Ya tambaya, gaskiya ne. Kalma biyun da maigidana ya furta don ya rufa wa wansa asiri, su aka ɗauko aka rataya masa a wuya.

Dagaci ya ce, "Kai fa, haka ne?"

Na riƙe bakin mayafina ina cewa a raina, faɗi maganar giya, faɗi an sallami mai koyarwa. Sai na ji muryarsa can ƙasa. "Haka ne, ranka ya daɗe. Ni ke tuƙi."

A hanyar gida na ce masa, "Malam, na ga hannun Yaya da idona. Jirgin ya fara juyawa." Ya ce, "Da ban saki wuta tun farko ba, da hannunsa bai kai can ba. Kuma da ban ce na iya ba, da ba mu shiga ba. Bar maganar." Har yau ban sani ba ko da Yaya bai taɓa ƙarfen nan ba da mun kauce wa tsohon. Allah kaɗai ya sani. Amma na san mutum biyu ne suka riƙe jirgin, mutum ɗaya ya ɗauki sunan.

Yaya ya biya kuɗin asibiti, ya koma kudu kafin a sallami tsohon. Mu muka zauna da garin. A tashar 'yan acaba aka laƙaba wa maigidana suna Kyaftin. Fasinja ya zo hawa, sai wani ya ce, "Hau a hankali, wannan har a ruwa yana buge mutane." Wasu matan da suka saba kiran sa ya kai musu yara makaranta suka daina. Mutumin da ke tsayawa akuya ta wuce. Ya rame, ya daina hira, in ya dawo sai ya zauna yana kallon tafin hannunsa.

Bayan an sallami tsohon na matsa muka je gaishe shi, na dafa abinci na ɗauka. Gida ne na zana, ƙarami. A tsakar gidan na ga ɓarin goran nan guda, an zuba wa kaji ruwa a ciki. Matarsa ta karɓi kwanon ba ta buɗe ba. Ta ce, "Ku kun je wasa, shi ya je neman abin da za mu sa a tukunya. To an gama wasan?" Sai hawaye suka zubo mini. Tsohon yana kwance kan gadon kara, ya ce mata ta yi shiru. Ya kira maigidana ya matso, ya ce, "Ɗana, na yafe maka, ƙaddara ce. Sai dai goran nan da ni da shi mun tsufa tare. Da asuba har yanzu nakan farka in laluba shi." Maigidana ya durƙusa a nan ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba. Tun daga shekarar, duk kaka sai ya ɗaura gero a bayan babur ya kai ƙauyen, har tsohon ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma bai daina kai wa matar ba. Har yau ba ta taɓa yi masa murmushi ba, ni kuwa ban ga laifinta ba.

Jirgin yana nan a bayan gidan Inna, tayoyin sun sace, jan layin ya koɗe. Kaji ke ƙwai a inda muka zauna.

Bara Yaya ya zo sunan jikarsa da sabuwar mota, irin wadda ba a sa mata giya da hannu. Mutane sun cika ƙofar gida, ana ta raba goro. Motar ta tare hanya, sai ya ciro makulli ya jefa wa maigidana, ya ce, "Auta, juya mini ita can gindin bishiya." Ina daga cikin soro, ina leƙe ta labule. Maigidana ya cafe makullin, ya dube shi, ya taka har gaban Yaya, ya russuna ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Ban iya ba, Yaya."

Aka yi dariya. Mai barkwancin nan yana wurin, ya ce, "Kyaftin ya yi ritaya." Yaya ya ɗan ɓata fuska, ya miƙa wa wani makullin, aka juya mota, aka ci gaba da rabon goro. Shi ke nan. Sama ba ta faɗo ba, zumunci bai tsinke ba, kafin a kawo abinci kowa ya manta. Ni kuwa na koma ƙuryar ɗaki na zauna na yi kukan da ya fi na ranar dam ɗaci, don a ranar na ga iyakar farashin maganar. Dariyar da ba ta kai tsawon cin goro ɗaya ba, ita muka guje wa, muka biya da ƙugun bawan Allah.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa 'ya'yana. Girmama na gaba wajibi ne, amma ba a girmama shi da ran wani. Duk abin da za ka riƙe wanda zai iya taɓa lafiyar mutane, inji ne ko mota ko jirgi, kada ka karɓa sai hannunka ya koya, ba kunnenka kaɗai ba, kuma in ka riƙe, kada ka bar wani hannu ya shigo maka. In kuwa ba ka kai ba, ka buɗe baki ka ce ban iya ba, ko a gaban wa. Kunyar faɗin haka takan wuce kafin la'asar. Wadda ke zuwa bayan an ƙi faɗa, ita ce ke zama da mutum har furfura.